Ranar da Aka Auna 'Yancina a Magama

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda bai kamata in manta ba, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da aka zo auna ci gaban mata a Magama ba, aka kuma auna har da ni. Har yau in mutum ya gifta kusa da ni yana warin fetur sai in ji fuskata ta ɗau zafi.

Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a a jiharmu ba. Ina aiki da wani shiri na tallafa wa mata da sana'a, wanda wata ƙungiya ta ƙasar waje ke ɗaukar nauyinsa. Mu biyu ne mata a ofishin Jibiya, ni da Rifkatu, wata Kirista 'yar Malumfashi mai yawan dariya. Shugabanmu kuwa Malam Rabe ne, daga Katsina yake zuwa kullum ya koma, kuma ba ya iya cewa "mata" sai ya ƙara da "iyayenmu", ko da faɗa yake yi mana. Aikinmu shi ne mu shiga Gangara da Bugaje da sauran ƙauyuka mu tara mata, mu koya musu haɗa sabulu da man shafawa da yadda za su gyara adashinsu, sannan mu yi musu huɗuba a kan su tsaya da ƙafarsu. A wajen huɗubar nan ba wanda ya kai ni. In na buɗe baki sai ku rantse ni na haifi 'yanci na yanke masa cibi. (Ina da wata magana da nake ji da ita: "Mace ba kayan ɗaki ba ce." Allah ya yafe mini yawan faɗinta.)

Aikin na kwantiragi ne, shekara-shekara ake sabunta shi, kuma shi kaɗai ne abin da zan nuna a duniya in ce nawa ne. Da shi 'yata Ummi ke zuwa makarantar kuɗi, da shi nake saya wa mahaifiyata maganin hawan jini. Ko a mafarki na ga an kore ni sai in farka da ciwon kai.

To, ƙungiyar tana da wani abu da take tinƙaho da shi. Ta ce ba a yin shirin mata a manta da matsalar mata, don haka duk ma'aikaciyar da ke shiga ƙauye aka ba ta babur. Sabo fil, an yi masa shuɗin fenti, ga hoton mace ɗauke da damin gero a jikin tanki. Aka kai mu filin firamare aka koya mana tuƙi. Na faɗi, na kuje gwiwa, yara suka yi mini ihu, na tashi na sake hawa. Kuma wallahi na iya. Ranar da na fara shiga Bugaje ni kaɗai, ban jira motar kowa ba, ban roƙi kowa ba, sai da na tsaya a hanya na yi dariya ni ɗaya kamar sabuwar kamu.

Daɗin bai yi nisa ba. Aka shiga wa'azi a masallatai a kan mata su daina hawa bayan 'yan kabu-kabu. Ba wanda ya zo ofis ya nuna mana doka a kan mace mai tuƙa nata, amma ai ba sai an nuna ba, kallon da ake bin ki da shi ya isa. Rannan bayan sallar isha'i maigidana, Baban Ummi, ya zauna ya gyara murya.

Ya ce, "A majalisa fa nuna ni ake yi da baki."

Na ce, "A kan me?"

Ya ce, "Kin fi ni sani. Ni ba hana ki aiki zan yi ba, Allah ya gani. Ki kawo makullin, ni zan riƙa kai ki duk inda za ki, in kuma ɗauko ki."

Ni mai huɗuba, ni ta "mace ba kayan ɗaki ba ce", na tashi da ƙafata na ɗauko makulli a cikin kwalla na miƙa masa da hannu biyu. Har da cewa Allah ya saka da alheri.

Ya kai ni kuwa, na ɗan sati. Daga nan ya gano cewa babur ɗin Turawa yana da ƙarfin hawa yashi fiye da na kowa a unguwa. Da ma shagonsa na kayan gyaran keke ya daɗe da mutuwa, buga-buga kawai yake a bakin iyaka. Kafin in ankara ya shiga fito. Da asuba zai ɗaura jarkokin fetur gaba da baya, ya bi ta daji ya tsallaka Ɗan Isa ta ƙasar Nijar, wani lokaci har Maradi, ya dawo da la'asar yana kiran babur ɗin "moto" kamar a can aka haife shi. Ya cire kujerar baya ya sa ƙarfe. Hoton matar nan mai damin gero ya rufe shi da tsumman buhu. Ni kuwa na koma bayan Rifkatu, ita ke goya ni ƙauye a nata, ta ja mayafi ta ɗaure a ƙarƙashin hular kwano. Ba ta taɓa faɗa wa Malam Rabe ba. In ya tambaya sai ta ce tattalin mai muke yi, shi kuma ya yaba mana.

Kada ku ce ban taɓa magana ba. Na yi. Sai ya ce, "To abin da nake samowa wa ke ci?" Alhali albashina ma dare ɗaya yake kwana a hannuna, kamar baƙon da ya rasa mota.

Ana nan sai aka ce baƙuwa za ta zo daga hedikwata ta auna ko an sami ci gaba, kuma abin da ta rubuta shi zai nuna wa za a sabunta wa kwantiragi. Daren jajibiri na durƙusa na roƙi Baban Ummi ya bar mini babur na yini ɗaya rak. Ya ce to. Da na tashi sallar asuba na leƙa zaure, wayam. Ashe ranar kasuwa ce, kuma a lissafinsa ranar kasuwa ba ta hutu ba ce.

Baƙuwar wata Baturiya ce doguwa, mai furfura, ta yafa gyale a ka don girmama gari. Madam muke ce mata. Muna gaisawa ta ga babur ɗin Rifkatu a ƙofar ofis, ta shafa tankin tana murmushi, ta waiwayo ta tambaye ni ina nawa. Ban ko ƙifta ido ba na ce yana wurin bakanike a Katsina, birki ne ya sami matsala. Malam Rabe ya gyaɗa kai ya ce ai iyayenmu mata sun fi maza kula da abin hawa.

A Magama, nan bakin iyaka inda muke zaune, aka shirya taron, da ƙungiyar mata masu sayar da abinci a tashar manyan motoci. Akwai wani fili ƙarƙashin itatuwan bedi, daf da shingen kwastan, nan aka tara su. Ga motocin hatsi da na dabbobi sun yi layi suna jiran a duba su, direbobi da 'yan kamasho ba abin yi, sai suka zagaye mu suna kallo.

Madam ta ce ita ba ta yarda da takarda ba, don takarda abin da aka ga dama ake rubuta mata. Tana da tata hanyar. Ta sa aka ja dogon layi da toka a ƙasa, mata suka jeru a kansa kafaɗa da kafaɗa. Za ta yi tambaya, Rifkatu ta fassara, duk wadda abin ya zama gaskiya a kanta sai ta yi taku ɗaya gaba. A ƙarshe ta ɗauki hoto, baɗi a sake, a ga ko mata sun matsa. Ni ina gefe riƙe da jakar Madam, ina jin daɗin yadda abin zai wuce ba ruwana. Sai Malam Rabe, Allah ya yi masa abin da ya yi mini, ya ce yana da shawara.

Ya ce, "A sa Malama a layi mana! Iyayenmu mata su ga inda ake so su kai."

Madam ta tafa hannu ta ce wannan tunani ne mai kyau. Aka karɓi jaka a hannuna. Na shiga layi kusa da Inna Dije mai tuwo, wadda gidanta ke bayan namu, wadda kullum da asuba a kan idonta ake ɗaura jarkokin nan.

Tambayar farko mai sauƙi ce: wa ke da sana'ar da ke kawo mata kuɗi? Kowa ta taka. Ta biyu: wa ke kashe abin da ta samu ba sai ta nemi izinin kowa ba? Nan fa aka yi cirko-cirko. Mata suka dubi mazan da suka zagaye mu, suka dubi juna. Inna Dije ta ce, "Mi? Ba izini? A gaban mutane za ni faɗi haka? Subhanallahi." Ta tsaya cak. Matar nan kuwa duk Magama an san ita ta yi wa mijinta rufin kwano, kuma ko ficikarta ba ya taɓawa sai ya yi sallama. Ni fa? Madam na kallona, Malam Rabe na kallona, kwantiragi na kallona. Na ɗaga ƙafa na taka.

Daga nan abin ya zama sauƙi, ai ta farko ce mai wuya. Wa ke da abin da za ta iya sayarwa in ta ga dama? Na taka. Wa ke iya kai ɗanta asibiti ba sai ta jira maigida ya dawo ba? Na taka. Wa ake shawara da ita kafin a yi babbar hidima a gida? Na taka, har da gyara mayafi. Matan da na san suna juya gidajensu da ɗan yatsa suka noƙe don kunya da kara, ni da ko tsintsiya ba na saya sai na sanar na yi ta lulawa gaba. Can na waiwaya na ga na bar su nesa, ni kaɗai a tsakiyar fili, na kusa kai wa bakin titi. Madam sai ɗaukar hoto take tana cewa madalla da Turanci.

Sai tambayar ƙarshe: wa ke da abin hawa da ke hannunta, ta hau lokacin da ta so?

Na ji wata 'yar dariya ƙasa-ƙasa a bayana, irin wadda ake toshewa da bakin zane. Rifkatu da ta fassara tambayar ta sunkuyar da kai tana duban takalminta. Ban fasa ba. Na yi taku mai faɗi, irin na wadda ta ci gasa.

Ƙafata ba ta gama zama ba wata a-kori-kura ta kwastan ta shigo daga hanyar daji ta tsaya a gabana, kusa ƙwarai, har ina jin zafin injinta. A baya an lafta jarkoki da babura biyu da aka kama. A kan jarkokin ga mutum zaune, rigarsa ta jiƙe da mai, hularsa a hannu. Tsumman buhun da ke jikin babur ɗaya ya faɗi a wajen kokawa. Ga shuɗin fenti, ga matar nan da damin geronta tana kallon jama'a.

Na ce a raina, ya Allah ka sa kowa ya makance na minti ɗaya.

Malam Rabe ne ya fara gani. Ya yi tsalle ya dire, babbar riga na tashi. "Kai! Kai! Wannan ai namu ne! Babur ɗin Malama ne! An sato shi daga wurin bakanike a Katsina! Ɓarawo ne, ofisa, ku riƙe shi da kyau!"

Wanda bai zauna a garuruwanmu a shekarun nan ba ba zai gane nauyin kalmar ba. A lokacin in aka ce ɓarawo, ba wanda ke tunanin gidan yari, hannu kowa ke dubawa. Nan da nan direbobi da 'yan cin kasuwa, baƙin da ba su san shi ba, suka yanyame motar. Wani na cewa a kai shi gaban alƙali yau-yau, wani na cewa kayan marayu da mata ma ba a bari ba. Wasu samari 'yan agaji suka shiga tsakani suna ba mutane haƙuri kada a ɗau doka a hannu. Matan da ke bayana kuwa, da suka san shi sarai, ba wadda ta ce uffan. Ba maganarsu ba ce. Ni suke kallo.

Babban jami'in, wani mai ƙiba da Hausarsa ke da ɗan gargada, ya ɗaga hannu aka yi shiru. Da yake ni ce a gaba, ai ni na kawo kaina, bai ko yi tafiya ba ya juyo gare ni.

Ya ce, "Hajiya, babur naki ne?"

Na ce, "Nawa ne."

Ya ce, "Kin san mutumin nan?"

Jama'a, na yi shiru. Ba zan ɓoye muku ba, shirun ya ɗan yi tsawo. In na ce ban san shi ba, aikina ya tsira, shi kuma sai abin da Allah ya yi. In na ce na san shi, duk takun nan da na yi ya zama abin dariya, kuma kayan ƙungiya ne aka kama da fetur a hanyar daji. Na tuna makarantar Ummi, na tuna maganin tsohuwata. Na dubi hannunsa da ke riƙe da hula. Hannun da ya karɓi makullin ne, kuma shi ne ke ɗaukar Ummi ya ɗora a wuya. Na ji haushinsa kamar in mutu, na kuma ji tsoro ya fi haushin.

Shi kuwa, a kan jarkoki, a tsakiyar masu neman a kai shi kotu, bai manta ko shi wane ne ba. Ya ɗaure fuska ya ce, "Ke! Ba ki ji ana tambayarki ba?"

Na ce, "Mijina ne."

Jami'in ya ce, "Ban ji ba."

Na ce, "Mijina ne! Ni na ba shi."

Wurin ya fashe da dariya. Wani direba har da riƙe ciki yana bubbuga ƙofar motarsa. Malam Rabe ya tsaya baki buɗe, ya ce, "To bakaniken fa?" (Bawan Allah, shi har lokacin bai gama haɗa lissafin ba.) Madam na ta tambayar me ake ciki, dole Rifkatu ta fassara mata, kalma bayan kalma.

Da Madam ta zage ni da na ji sauƙi. Ba ta zage ni ba. Ta zo ta kama hannuna biyu, idonta ya ciko da tausayi, ta ce ta gode, wannan bayani ne mai matuƙar amfani ga bincikenta. Sannan cikin ladabi ta roƙe ni, in ba damuwa, in koma inda ya dace in tsaya, don hoton ya zama na gaskiya.

Na juya. Filin nan da na ƙetare ina gyara mayafi, na sake taka shi ina komawa baya a idon direbobin Maradi da na Katsina. Na wuce masu ƙosai, na wuce masu fura, na wuce duk matan da na shekara ina koya wa tsayawa da ƙafarsu, har na kai kusa da layin toka. Inna Dije ta matsa ta ce, "Taho nan, ɗiyata, akwai wuri." Ba da gatse ta faɗa ba, da zuciya ɗaya ta faɗa, kuma shi ya fi yi mini ciwo. Aka ɗauki hoton ina kallon ƙasa.

An saki Baban Ummi da yamma bayan 'yan uwansa sun yi ta kai da kawowa. Babur kuwa ofis ya karɓe. Ban yi mamaki ba da ƙarshen shekara ta zo aka ce an gode da gudummawata. Ummi ta koma makarantar gwamnati, maganin tsohuwa ya koma sai an yi karo-karo. Wannan na ce ni na saya da kuɗina.

Abin da ban shirya masa ba shi ne sakamakon binciken. Hedikwata ta nazarci abin da ya faru ta gano cewa babur ba ya zama a hannun mace a yankinmu, don haka tsarin bai dace da al'ada ba. Aka janye baburan ma'aikata mata gaba ɗaya. Har na Rifkatu, wadda ba ta taɓa ba kowa aron nata ba, wadda ke wanke shi da kanta duk Asabar. Aka ɗauko wani saurayi aka ba shi, wai shi zai fi saurin isa ga iyayenmu mata. Ranar da ta mayar da babur ɗin ba ta hau ba, turo shi ta yi tun daga gida. Muka haɗu a bakin kasuwa. Na buɗe baki zan ba ta haƙuri, ta ce, "Ke dai an san laifinki. Ni me na yi?" Ta wuce abinta tana tura babur ɗin. Bayan 'yan watanni ta tattara ta koma Malumfashi.

Maigida kuwa sai da ya yi kwanaki ba ya cin tuwona. Na zaci kunya ce ta hana shi haɗa ido da ni, har na fara tausaya masa. Ashe fushi yake. Da ya tashi magana sai ya ce, "Ina lura da ke fa. Sai da kika tsaya tunani kafin ki ce mijinki ne." Ban musa ba. Na kwashe kwanuka na fita, don in na tsaya zan gaya masa abin da na tuna a cikin shirun.

Yanzu in na ji a rediyo ana cewa bincike ya nuna mata sun ci gaba, ko sun ci baya, sai in ce ko su waye suka tsaya suna kallo ranar da aka yi awon, oho. Ni dai na ɗauki darasina, kuma kyauta nake ba duk 'yar boko mai shirin shiga layi: in za ki yi ƙaryar 'yanci a bainar jama'a, ki fara neman izinin maigida, ki kuma tambaye shi ta wace hanya zai bi ranar.